Sashen ɗa'a da bin ƙa'ida a kamfanoni: asalinsa da yadda aikinsa ke sauyawa

A kusan kowane babban banki ko kamfanin mai ko na sadarwa akwai wani ofis da abokin ciniki ba ya gani, amma yana jin tasirinsa. Shi ne ke sa a riƙe kuɗin ɗan kasuwa har sai ya kawo shaidar inda suka fito, shi ne kuma ke hana ma'aikaci karɓar ragon layya daga hannun ɗan kwangila. Ana kiransa sashen ɗa'a da bin ƙa'ida. A da, aikinsa bai wuce tabbatar da cewa kamfani bai karya doka ba. Yanzu ana sa ran ya hango abin da jama'a ba za su lamunta ba, ko da doka ba ta kai ga hana shi ba.

Tushen sana'ar yana Amurka. Binciken da ya biyo bayan badaƙalar Watergate ya tono cewa ɗaruruwan kamfanonin ƙasar sun ba da toshiyar baki a ƙasashen waje, shi ya sa a 1977 aka kafa dokar da ta haramta musu bai wa jami'an gwamnatocin ƙetare cin hanci. A 1991 aka fito da ƙa'idojin yanke hukunci da suka tanadi sassauci ga kamfanin da ya nuna yana da ingantaccen tsarin hana laifi tun kafin laifin ya auku. Daga nan ɗaukar jami'in bin ƙa'ida ya zama jari, ba ado ba.

Najeriya ta sha fitowa a irin waɗannan shari'u. A 2009 kamfanonin Halliburton da KBR sun biya hukumomin Amurka dala miliyan 579 saboda cin hancin da aka bayar don samun kwangilar gina masana'antar iskar gas a tsibirin Bonny. Birtaniya kuwa, a dokarta ta 2010, ta mai da gazawar kamfani wajen hana wakilansa ba da cin hanci laifi mai zaman kansa.

Duk wannan magana ce ta kuɗi da takardu. Abin da ya faɗaɗa iyakar aikin shi ne asarar rayuka. Ranar 24 ga Afrilun 2013 benen Rana Plaza ya rushe a kusa da Dhaka, babban birnin Bangladesh, ya hallaka mutum fiye da 1,100, akasarinsu masu ɗinka tufafin da ake sayarwa a manyan kantunan Turai da Amurka. Kamfanonin da ke sayen kayan ba su ne suka mallaki ginin ba, ba kuma su ne suka ɗauki ma'aikatan ba. Jama'a ba su karɓi wannan uzuri ba. Majalisar Ɗinkin Duniya dama ta amince tun 2011 da ƙa'idojin da suka ce alhakin kamfani ya kai har ga masu kawo masa kaya. Faransa ta mai da hakan doka a 2017, ta Jamus ta fara aiki a 2023, Tarayyar Turai ta amince da tata a 2024. A Janairun 2021 kuma kotun ɗaukaka ƙara a birnin Hague ta ɗora wa reshen Shell na Najeriya alhakin malalar man da ta lalata gonaki a ƙauyukan Oruma da Goi na yankin Neja Delta.

Darasin da ya fi damun masu sana'ar shi ne na bankin Wells Fargo. Yana da kundin ɗa'a a rubuce, yana da layin kai ƙorafi, amma a 2016 aka gano ma'aikatansa sun buɗe asusu kusan miliyan biyu ba da sanin masu su ba, don kawai su cika adadin da aka ɗora musu. An kori mutum kimanin 5,300. Wanda ya san yadda ake matsa wa matasan ma'aikatan banki su kawo ajiya ba zai ga abin baƙo ba. Tun daga lokacin, masu sa ido suka rage gamsuwa da kundi, suka koma tambayar wa ake yi wa ƙarin girma, da kuma abin da ke samun wanda ya tona asiri. Guguwar ƙorafe-ƙorafen cin zarafin mata a wurin aiki da ta taso a 2017 ta ƙara wa sashen wani nauyin.

A nan gida, dokar hana halatta kuɗin haram ta 2022 ta hana mutum biya ko karɓar tsabar kuɗin da ya haura naira miliyan 5, kamfani kuma miliyan 10, sai ta banki. Dillalan motoci da na gidaje da masu sayar da gwal dole su yi rajista da sashen SCUML na hukumar EFCC, kuma banki kan nemi takardar kafin ya buɗe musu asusun kasuwanci. Dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ta shafi ma'aikatun gwamnati kamar yadda ta shafi kamfanoni. Mai fitar da riɗi ko citta zuwa Turai kuwa zai iya tarar da mai saye yana tambayarsa ko akwai ƙananan yara cikin masu yi masa aiki.

Sai dai abin da jama'a ke so ba bakinsa ɗaya ba, kuma yana juyawa da siyasa. A Fabrairun 2025 Shugaba Donald Trump ya dakatar da aiwatar da dokar 1977 na wani lokaci, bisa hujjar cewa tana tauye kamfanonin Amurka a gasar kasuwa. A watan nan ne kuma hukumar zartarwar Tarayyar Turai ta gabatar da shawarar sassauta dokarta ta 2024 da jinkirta fara aiki da ita, bayan kokawar masu masana'antu kan tsadar cika sharuɗɗanta.