Cutar Yaushin Wake

Cutar yaushin wake cuta ce da fumfunar ƙasa mai suna Fusarium oxysporum ke haddasawa. Ta saiwa take shiga, ta toshe hanyoyin ruwan tsiron. Ganyen ƙasa kan fara yin ɗorawa, wani lokaci a ɓangare ɗaya kawai, kafin tsiron ya yi yaushi ko da akwai laima. In aka tsaga karan, za a ga cikinsa ya koma ruwan ƙasa.

Irin da ba shi da juriya kan mutu. Mai juriya kuwa yakan killace fumfunar tun a saiwa. A Amurka, irin waken California Blackeye 5 na kamuwa, yayin da California Blackeye 27 ke jure nau'in fumfunar na 3 da na 4.

Lamarin ya shafi manoman Wurno, Rabah da Goronyo, masu shuka wake cikin gero a jigawa, domin tsutsar da ke sa saiwa ƙulli tana son rairayi, kuma raunin da take yi kan buɗe wa cutar ƙofa. Fumfunar na daɗewa shekaru a gona, feshin ganye kuma ba ya maganinta.