Shayin Pu'er: Yadda Tsufa Ya Zama Haja

Duk mai harkar ganyen shayi ya san cewa kwantai asara ne: ganye ya daɗe, ƙamshi ya gudu, farashi ya karye. A lardin Yunnan da ke kudu maso yammacin ƙasar Sin akwai wani shayi da bai bin wannan ƙa'ida. Sunansa Pu'er. Ana matse shi faifai-faifai, a naɗe da takarda, a jibge a sito shekara goma, ashirin, har talatin, kuɗinsa kuwa sai hawa suke yi. Dillalansa za su ce maka haka aka gada tun kaka da kakanni. Shayin dai tsoho ne, wannan ba musu. Amma biyan kuɗi don tsufansa, abu ne na jiya-jiya.

Itacen da ke ba da shi yana da faɗin ganye, yana tsirowa a tsaunukan da ke gefen kogin Lancang, wanda ake kira Mekong idan ya gangara kudu. Ƙabilun Bulang da Dai da Hani sun daɗe suna nomansa, wasu bishiyoyin ma sai an hau kafin a tsinki ganyensu. Wajen shekarar 863 wani jami'in daular Tang, Fan Chuo, ya rubuta cewa mutanen yankin suna dafa shayinsu da citta da kirfa da yaji. Sarrafa shi ba wuya: a tsinko ganye, a ɗan soya a babban kasko, a murje da hannu, a shanya a rana. Sirrin yana cikin shanyar nan. Koren shayin da ake kawo mana daga Sin, wanda ake dafawa a 'yar buta kan gawayi, da wuta mai ƙarfi ake busar da shi, shi ya sa in ya kwana biyu sai dai ya lalace. Rana kuwa ba ta kashe ganye gaba ɗaya. Da sauran rai a jikinsa, yana ci gaba da sauyawa a hankali muddin yana samun iska da ɗan danshi.

A 1729 daular Qing ta kafa gundumar mulki a garin Pu'er, ta sa hannu a cinikin. Garin kasuwa ne kuma zango, nan ake tara ganyen da ya fito daga tsaunuka shida na yankin Xishuangbanna, a karɓi haraji, a ware mafi kyau a kai wa sarki gaisuwa a Beijing. Da haka sunan kasuwa ya bi haja. Daga nan ayari ke tashi, alfadarai da dawakai, su nufi Dali da Lijiang, su haura har Lhasa ta ƙasar Tibet, tafiyar watanni. Mutanen Tibet na cin nama da man shanu a ƙasar da ganye ke wuya, don haka shayi ya zame musu dole, suna kaɗa shi da mai da gishiri.

Sakakken ganye ba ya jure irin wannan hanya, ga cin wuri ga dagargajewa. Sai aka riƙa turara shi da tururi ya yi laushi, a zuba a jakar yadi, a ɗora dutse mutum ya hau ya danne. Faifai bakwai ake haɗawa a naɗe da ɓawon gora a ɗaure, kamar dai yadda fataken Gwanja ke lulluɓe goro da ganye don ya kai gida lafiya. Har yau ba a bar wannan lissafi ba: faifai ɗaya giram 357, bakwai su ba da kusan kilo biyu da rabi, a da kuma ƙunshi goma sha biyu ke cika kwando mai kilo 30.

Labarin da aka fi so a faɗa shi ne wai a kan hanya shayin ya fara tsima, ruwan sama ya jiƙa shi, rana ta buga shi, zufar dabba ta ratsa shi, ya isa Lhasa ya yi ja ya yi daɗi. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki, domin ganyen da ya yi watanni a hanya dole ya sauya. Sai dai madugu ba don tsufa yake ɗauko kaya ba, kuma fadar sarki sabon tohon bazara take nema. Ni a ganina tsufa a lokacin abu ne da ke samun shayi, ba abin da ake nema ba.

Inda aka koyi son tsohon shayi shi ne Hong Kong. Gidajen cin abinci na can sun daɗe suna ba baƙi Pu'er tare da 'yan ƙananan abincin safe masu maiƙo, domin yana da araha kuma yana wanke baki. Sabon Pu'er kuwa akwai ɗaci da bauri, yana iya murɗa cikin wanda bai ci komai ba. Sai 'yan kasuwa suka riƙa zuba shi a sito na ƙarƙashin ƙasa, inda zafi da danshin bakin teku ke aiki a kansa, daga baya a fito da shi ya sha iska. Bayan wasu shekaru ruwansa ya koma ja mai duhu, baurin ya kwanta, ya ɗauki ƙamshin tsohon itace da jiƙaƙƙiyar ƙasa. Ba wanda ya ɗauke shi dukiya a lokacin. Abin shan talaka ne.

A can Yunnan kuma abubuwa sun sauya hannu. An kafa masana'antar Fohai, wadda ta koma Menghai, a 1940, ta Xiaguan ta biyo baya a 1941. Bayan 1949 gwamnatin kwaminisanci ta karɓe harkar, tsofaffin gidajen kasuwanci irin su Tongqing da Songpin suka rufe. Da buƙatar Hong Kong ta yi yawa, sai aka nemi gajeriyar hanya. A 1973 masana'antar Kunming, bayan ta tura ma'aikata sun ga yadda ake yi a Guangdong, ta fara tsibe ganye tuli guda, a yayyafa ruwa, a lulluɓe da yadi. Tulin ya ɗauki zafi da kansa, ƙwayoyin fumfuna su yi aikinsu, ana juyawa lokaci-lokaci, cikin wata ɗaya da rabi zuwa biyu an sami baƙin shayi mai laushi. Tun daga nan Pu'er ya rabu biyu: ɗanye, wanda ake barin shekaru su nunar da shi, da nunanne, wanda aka gaggauta. A waɗancan shekarun ne kuma aka shigo da lambobi. Idan ka ga 7542 a takarda, 75 shekarar da aka tsara haɗin ce, 4 darajar ganye, 2 kuma Menghai. 1 ta Kunming ce, 3 ta Xiaguan.

Kuɗi sun shigo ne ta Taiwan. Gabanin mayar da Hong Kong hannun Sin a 1997, wasu masu gidajen shayi sun rufe sun yi ƙaura, aka buɗe sito aka fito da faifan da suka shekara arba'in, hamsin, wasu ma tun na tsofaffin gidajen kasuwancin Yunnan da suka rufe. Masu hali a Taiwan suka kwashe. A 1995 wani marubuci mai suna Deng Shihai ya fitar da littafinsa kan Pu'er, wanda ya jera tsofaffin faifai ya ba kowanne matsayi, ya kuma yaɗa ra'ayin cewa gwargwadon tsufa gwargwadon ƙamshi. Sai gardamar ajiya ta taso. Wani ɗan kasuwar Hong Kong, Chan Kwok Yee, ya sayi tarin 7542 a farkon shekarun 1990 ya ajiye a busasshen wuri, shayin ya fito da ɗanɗano mai tsabta, ya yi suna, farashinsa ya ninka ba adadi. Nan da nan aka fara kushe ajiyar danshi, alhali ita ce ta haifi abin da ake yabo.

Daga nan sai hauka. A 2005 aka shirya ayarin dawakai daga Yunnan har Beijing don talla. A 2007 birnin Simao na Yunnan ya canza suna ya ɗauki sunan Pu'er. A kasuwar Fangcun da ke Guangzhou, birnin da 'yan kasuwarmu suka sani sarai, ana sayen kwanduna a sayar ba tare da an kwance ɗaurin ba. Manoma suka yi ta tsinke itatuwa, aka shigo da ganyen wasu larduna aka buga masa suna. Kafin shekarar ta ƙare kasuwa ta rushe, masu sito cike da kaya suka rasa mai tayawa. A 2008 gwamnati ta kafa ƙa'ida cewa ba a kiran shayi Pu'er sai na Yunnan, mai faɗin ganye, wanda aka shanya a rana.

Da kasuwa ta farfaɗo, sai yayi ya koma kan tsofaffin bishiyoyi da sunayen ƙauyuka kamar Lao Banzhang da Bingdao, inda abin da ake sayarwa da sunansu ya fi ƙarfin abin da itatuwansu za su iya bayarwa. A 2023 UNESCO ta sa dazuzzukan shayi na tsaunin Jingmai cikin wuraren tarihi na duniya. Jabu kuwa ya cika kasuwa, har 'yar takardar shaida da ake mannewa cikin ganyen ana bugawa. Shi ya sa masu saye na gaske ke fara karɓar ɗan ɓalli su ɗanɗana, su tambayi inda faifan ya zauna, domin shekara goma a Kunming mai bushewa ba ɗaya take da shekara goma a Malesiya ba. A gida ana barinsa cikin takardarsa, nesa da rana da turare da hayaƙin girki, don yana zuƙe duk warin da ya kusance shi. In za a sha, a ɓanɓari giram shida ko bakwai da tsinken ƙarfe, a sa a ƙaramar butar yumɓu, a zuba tafasasshen ruwa a zubar da na farko don wanke ƙurar sito. Na biyu daƙiƙa kaɗan yake yi, a tsiyaye. Ba sukari, ba madara, kuma ganye ɗaya kan jure zubi goma ko fiye, kowane zubi da nasa ɗanɗano.