Tarihin Buɗe Jijiyar Zuciya da Darasinsa ga Yammacin Zamfara

Tarihin aikin buɗe jijiyoyin da ke kai wa tsokar zuciya jini ya nuna cewa kowace dabarar da likitoci suka fito da ita ta zo da tata matsalar. A ranar 16 ga Satumban 1977, a birnin Zurik na ƙasar Suwizalan, Andreas Gruentzig ya zura siririn bututu mai 'yar balan-balan a baki cikin jijiyar da kitse ya cushe, ya hura ta har hanyar jini ta buɗe. Ba a jima ba ƙwararru suka lura cewa wani lokaci bangon jijiyar yakan tsage ta rufe nan take, kuma kusan mutum ɗaya cikin uku tasa jijiyar takan sake tsukewa cikin wata 6.

A 1986 Jacques Puel, a birnin Tulus na Faransa, ya fara dasa sitent, wato 'yar ragar ƙarfe da ake bari a ciki don ta tokare bangon jijiyar. Sai dai jini yakan yi guda a jikin ƙarfen ya toshe hanya, dalilin da ya sa ake ɗora majinyaci a kan asfirin haɗe da wani maganin tsinka jini na tsawon watanni, alhali su ma suna ƙara haɗarin zubar jini. Haka kuma ruwan da ake ɗura wa jijiya don ta fito a hoto yana iya raunana ƙoda.

Wannan batu na ƙoda ya fi shafar Anka da Bukkuyum, inda a 2010 aka gano gubar dalma daga dutsen zinariyar da ake niƙawa a ƙauyuka irin su Dareta da 'Yargalma, ta kuwa hallaka ɗaruruwan yara. Ita dai dalma tana lalata ƙoda, tana kuma jawo hawan jini. Ga majinyacin Gummi ko Anka da aka yi wa aikin a wani birni mai nisa, haɗari mafi girma yana jiransa ne bayan ya dawo gida, idan maganin ya yanke masa ko ya rasa mai duba shi. Hukuncin likitocin zuciya a nan guda ne: wanda aka dasa wa sitent ba ya barin magani sai da izinin likitansa.