Ƙofar Na'isa da Tarihin Kuɗin Raya Sababbin Unguwanni a Kano

Ƙofar Na'isa, wadda take kudancin birnin Kano tsakanin Ƙofar Ɗan'agundi da Ƙofar Gadon Ƙaya, tana cikin ƙofofin da ake dangantawa da Sarki Muhammadu Rumfa (1463–1499), domin littafin Tarihin Kano ya ambace ta a inda ya kawo labarin faɗaɗa ganuwar da sarkin ya yi. A wancan zamani faɗaɗa ganuwa shi ne tanadin farko da hukuma take yi wa sababbin gidaje, saboda tsaro ne yake jawo mazauna, kuma ana barin filaye a cikinta domin noma da ginin masu zuwa. Aikin bai dogara da kuɗin wata hukuma ta sama ba, tun da ta hanyar gayya ake yin sa, wato sarki ya raba wa garuruwa da unguwanni sassan ganuwar da za su gyara da rani. Ramukan da aka haƙi ƙasar gini su ne suka zama kududdufai, waɗanda suke tara ruwan damina su rage wa gidaje ambaliya.

Bayan Turawa sun ci Kano a 1903, sai gayya ta fara ba kuɗi wuri. An kafa baitulmali, wato ma'ajin En'e, hukumar gargajiya da ke ƙarƙashin sarki, wadda take karɓar haraji da jangali ta riƙe kasonta, ta miƙa ragowar ga gwamnatin mulkin mallaka. Daga wannan ma'aji ne En'e ta Kano ta biya kuɗin aikin ruwan famfo da wutar lantarki da aka buɗe a 1931, zamanin Sarki Abdullahi Bayero, inda aka jawo ruwa daga kogin Challawa zuwa tankin Goron Dutse. Sunan Ƙofar Famfo, wadda take yamma da Na'isa, daga wannan aiki ya samo asali. Sai dai duk da cewa kuɗin na talakawan Kano ne, ba a kashe shi sai da amincewar Razdan da gwamnati, kuma wannan ne mafarin al'adar neman izini daga sama. Dokar raya ƙasashen mulkin mallaka ta 1945 ta ƙara wani mataki, domin ta faɗaɗa ƙofar neman tallafi daga baitulmalin Ingila.

Da jama'a suka yi wa cikin birni yawa, sai gine-gine suka tsallaka ganuwa ta kudu zuwa Gandun Albasa da Sharaɗa, gonaki suka koma fulotai. An kafa hukumar tsara birnin Kano da kewaye a 1962, aka kuma zana shirin shekara 20 na 1963 zuwa 1983, amma ginin gidaje ya riga tituna da magudanai da bututun ruwa isa wurare da dama. Ƙirƙiro Jihar Kano a 1967 ya sa manyan ayyukan En'e suka koma hannun gwamnatin jiha, gyaran tsarin mulki na 1976 ya maye gurbin En'e da ƙananan hukumomi masu dogaro da kason tarayya, sa'an nan dokar filaye ta 1978 ta danƙa filayen birane ga gwamna. Sakamakon haka shi ne, jiha ce mai yanka fili, alhali tsarin mulkin 1999 ya ɗora wa ƙaramar hukuma gyaran tituna da lambatu da fitilun unguwa, da kuɗin da yake biyowa ta asusun haɗin gwiwa na jiha da ƙananan hukumomi.

Ƙofar Na'isa kanta ta ɗanɗana wannan sauyi, domin a 2010 an rushe ta yayin aikin faɗaɗa titin da ya ratsa ta, duk da cewa an sa ganuwar Kano cikin kayan tarihi na ƙasa tun 1959, daga baya kuma aka sake gina ta da faɗin da motoci za su iya wucewa. Haka nan yawancin kududdufan da ke gefen badala an cike su an yi gini, ba tare da an samar da magudanan da za su ɗauki ruwan da suke tarawa ba. Hukuncin Kotun Ƙoli na Yulin 2024, wanda ya ce a riƙa biyan ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye, ya taɓa hanyar da kuɗin yake bi ne kawai. Ikon yanka filaye a bayan Ƙofar Na'isa yana nan a hannun jiha.