Yadda Katafila Ta Koyi Magana

Kalmar "katafila" aro ce daga sunan kamfanin Caterpillar na Amurka, amma Bahaushe ya faɗaɗa ta har ta zama sunan duk wata babbar motar ƙarfe mai ture ƙasa, ko wane ne ya ƙera ta. An kafa kamfanin a shekarar 1925, lokacin da masana'antun Holt da Best na jihar Kalifoniya suka haɗe, bayan Benjamin Holt ya gwada tarakta mai tafiya a kan sarƙa tun a 1904. Daga nan har kusan shekara sittin, wannan inji ba shi da wani asiri da ya gagari bakanike. Famfo ne ke auna mai, sandunan ƙarfe ne ke kai umarnin direba. Gwani yakan gane ciwo da kunnensa da hancinsa da launin hayaƙi: baƙi na nuna mai ya yi yawa ko iska ta gaza, shuɗi kuwa man shafawa ne ke ƙonewa.

Hayaƙin nan ne ya kawo sauyi. A 1985 kamfanin Detroit Diesel ya fito da kwamfutar da ke sarrafa feshin mai a manyan injuna. Da Amurka ta fara ɗaure injunan gini da dokar rage hayaƙi a 1996, Turai kuma a 1999, sai ya bayyana cewa famfon ƙarfe ba zai daɗe yana iya auna mai daidai da abin da doka ke nema ba. Kwamfuta ta shiga inji, wadda makanikai ke kira ƙwaƙwalwa. Ba a jima ba ta sami 'yan'uwa: ɗaya ga giya, ɗaya ga famfon da ke ɗaga hannu da cebur, ɗaya ga allon gaban direba. Kowace na bukatar sanin halin da sauran ke ciki, kuma ja wa kowane labari wayarsa ta daban zai cika motar da igiyoyi.

Maganin ya fito daga Jamus. Injiniyoyin kamfanin Bosch sun soma aiki a kansa a 1983, suka gabatar da shi a watan Fabrairu na 1986 a taron ƙungiyar injiniyoyin mota ta SAE a birnin Ditiroit, da sunan CAN. Intel ya fitar da kwakwalwar farko mai aiki da tsarin a 1987, Mercedes-Benz ya sa shi a mota a 1991, aka kuma mayar da shi ƙa'idar duniya a 1993. Dabarar mai sauƙi ce. Waya biyu ake murɗewa tare, su ratsa motar daga gaba zuwa baya, kowace kwamfuta ta rataya a jikinsu. Idan ɗaya ta yi magana, kowa na ji. Idan biyu suka buɗe baki lokaci guda, wadda saƙonta ke ɗauke da ƙaramar lamba ita ke wucewa, ɗayar ta yi shiru ta jira, kamar yadda ƙarami ke kame baki a fada idan babba ya ɗauki zance.

Hanya dai ta samu, saura harshe. Manyan motoci sun fara da tsohon tsarin J1708 mai ɗaukar ɗigon bayani 9,600 a daƙiƙa. A shekarun 1990 SAE ta tsara J1939 a kan CAN, mai ɗaukar 250,000, ta kuma haɗa masa ƙamus. Kowane abin da ake aunawa ya sami lamba: 100 ƙarfin man shafawa, 110 zafin ruwan inji, 190 saurin juyawarsa. Lamba ta biyu ke faɗin irin ciwon. Idan 3 ce, wuta ta haura kima; idan 4 ce, ta gaza; idan kuwa 9 ce, saƙon da ake jira bai iso a kan lokaci ba.

Wannan lamba ta 9 ita ce sabuwar cutar da magabatan makanikai ba su sani ba. Inji lafiyarsa ƙalau, famfo lafiyarsa ƙalau, amma ba sa jin juna, sai motar ta rage ƙarfi ko ta ƙi tashi. Wanda bai san tsarin ba yakan ɗora wa ƙwaƙwalwa laifi, a sayo sabuwa da kuɗi masu yawa, ciwo na nan inda yake. Alhali waɗanda suka tsara hanyar sun bar mata ma'auni mai arha. A kowane ƙarshen wayoyin akwai resista mai om 120. Idan aka cire batir aka ɗora mita tsakanin wayoyin biyu, ya kamata a karanta om 60. In aka ga 120, to resista ɗaya ta ɓace ko waya ta tsinke a hanya. In aka ga kusan sifiri, wayoyin sun haɗe. In aka ga 40, wani ne ya ƙara resista ta uku, sau da yawa wajen ɗaura na'urar bin sawu. Da aka mayar da wuta, wayoyin kan zauna a bolt 2.5, mai ruwan ɗorawa ta hau zuwa 3.5, koriyar ta sauka zuwa 1.5 yayin magana. A ganina babu gwajin da ya fi wannan daraja a sana'ar, domin galibin laifin yana wurin da ido ke rainawa: mahaɗar waya da ta yi tsatsa, igiyar da ƙarfe ya goge, wayar da ɓera ya ci, ko mai walda da ya kunna wuta a jikin motar ba a cire batir ba.

Sai dai ba duk zancen ne aka bari a fili ba. Ƙa'idar ta ware wa kowane kamfani saƙonnin da shi kaɗai ya san fassararsu, Caterpillar kuma ya riƙe tasa hanyar sadarwa da manhajarsa ta Cat ET mai lasisi. Komatsu na Japan ya ƙara taki a 2001, ya sa KOMTRAX a injunansa, yana jin halin motar daga nesa. Ƙorafin da ya biyo baya ya fi ƙarfi a bakin manoman Amurka, har John Deere ya sa hannu a yarjejeniya da ƙungiyarsu a Janairun 2023 kan ba su damar gyara, jihar Kolorado kuma ta yi doka a shekarar, ko da yake injunan noma ta shafa.

Nauyin wannan kulle ya fi sauka a kan wanda ke nesa da dillali. Shekaru da dama tsofaffin injunan Turai da Amurka suna sauka a tashoshin Kwatano da Lome da Tema, daga nan wasu su nufi Yamai da Maraɗi, yawanci babu littafin zanen wayoyinsu. Suna iso wa zafi da ƙurar hunturu da kuma laimar damina, waɗanda duk abokan gabar mahaɗar waya ne. A unguwar makanikai ta Suame da ke Kumasi, inda ake jin Hausa tare da harshen Asante, har yanzu ana gyaran famfo da kunne. Amma ɗan kwangilar da katafilarsa ta yi shiru a tsakiyar aikin hanya yakan biya leburori da hayar tirela kowace rana, yana jiran mutum ɗaya mai kwamfutar hannu da igiyar da bakinta ke da ramuka tara.