Tsibiran da Tafkin Kainji Ya Haɗiye

Mutumin Yasore, wanda ya saba ganin rafuka suna komawa yashi da rani, ba zai san girman ruwa ba sai ya tsaya a bakin Tafkin Kainji da ke Jihar Neja. A da, yawancin baƙi kan zo ne domin Gandun Dajin Kainji, wanda aka samar ta hanyar haɗe dazuzzukan Borgu da Zugurma. A lokacin akwai masauki a gaɓar kogin Oli, akwai dorina da kada da gwanki, ga kuma kwalekwale ga mai son shiga ruwa. Sai dai abin da ya fi cancantar nazari ido ba ya ganinsa, domin yana ƙarƙashin ruwa.

Sunan Kainji kansa na wani tsibiri ne a tsakiyar kogin Kwara, kuma a kansa aka kafa madatsar ruwa tsakanin 1964 da 1968. Kafin wannan lokaci, kogin cike yake da tsibirai daga Yawuri zuwa Busa. Da yake gungu shi ne tsibiri, sai Hausawa suka kira mazaunansu Gungawa, su kuwa suna kiran kansu Reshe. Manoma ne da suka shahara wajen noman albasa, suna zaune kafaɗa da kafaɗa da masunta Sarkawa. A cikin duwatsun Busa ne jirgin Bature Mungo Park ya halaka a 1806, kuma daga nan ne 'yan'uwan nan biyu, Richard da John Lander, suka bi kogin har teku a 1830.

Da aka datse ruwan a 1968, tafkin ya miƙe fiye da kilomita 100. Ya haɗiye tsohuwar Busa da mafi yawan tsibirin Foge, aka tayar da mutane fiye da 40,000. Gwamnati ta gina musu Sabuwar Busa da sababbin ƙauyuka. Amma gida ake iya sakewa. Ba a ƙaura da lakar da ambaliya ke shimfiɗawa kowace shekara, balle kaburburan kakanni.

Ba a musun amfanin madatsar, domin ita ce babbar tashar lantarki ta ruwa ta farko a Nijeriya. Abin da adalci ke nema shi ne a san waɗanda suka biya farashinta. Ya kamata mai ziyara, bayan ya gama kallon namun daji, ya nemi dattawan Gungawa ya tambaye su sunayen tsibiransu tun masu tunawa suna raye. Duk fitilar da wutar Kainji ta haska, akwai bashin waɗannan mutane a kanta.