Yadda Maganin Ƙanjamau Ya Isa Ƙauyukan Uganda: Tarihin Ƙungiyar TASO

A shekarar 1982 aka fara ganin wata baƙuwar cuta a Kasensero, wani ƙauyen masunta da ke bakin tafkin Biktoriya, a gundumar Rakai ta wancan lokacin a ƙasar Uganda, dab da iyakar Tanzaniya. Mutum sai ya kama zawo da zazzaɓin da ba sa jin magani, ya yi ta ramewa har ya koma ƙashi da fata, daga nan sai rai ya yi halinsa. Da yake fatake masu tsallaka iyaka ne suka fara kwantawa, sai aka ce sammu ne daga abokan cinikin da suka cuta. Sai a 1985 likitocin ƙasar, cikinsu har da David Serwadda da Nelson Sewankambo, suka wallafa binciken da ya nuna cewa ƙanjamau ce.

Cutar ta tarar da ƙasa a galabaice. Mulkin Idi Amin da yaƙin basasar da ya biyo baya sun bar asibitoci ba magani, ba kayan aiki. Yoweri Museveni ya karɓi mulki a Janairun 1986, kuma a shekarar ce shugaban Kyuba Fidel Castro ya shaida masa cewa cikin sojoji 60 da ya tura horo Kyuba, 18 na ɗauke da ƙwayar cutar. Gwamnati ba ta rufa-rufa ba. Ta shiga wayar da kai a rediyo da coci-coci da masallatai. Sai dai duk wannan gargaɗi ne ga mai lafiya. Wanda ya riga ya kamu, ido kawai aka zuba masa.

Cikin waɗanda suka ɗanɗana wannan hali akwai Noerine Kaleeba, shugabar makarantar koyon gashin ƙashi a asibitin Mulago da ke Kampala. A 1986 mijinta Christopher ya kwanta ciwo yana karatu a birnin Hull na Ingila, gwaji ya nuna ƙanjamau. A can ta ga ma'aikatan jinya suna zama kusa da shi, suna riƙe hannunsa, suna yi mata bayani dalla-dalla. Da ta dawo da shi gida, a asibitin da ita kanta take aiki, ta ga yadda ake ƙyamar kusantar gadonsa. Ya rasu a Janairun 1987, ya bar ta da 'ya'ya mata huɗu.

A wannan shekarar ita da wasu mutum 15, waɗansu masu ɗauke da cutar, waɗansu masu jinyar nasu, suka kafa ƙungiyar TASO domin tallafa wa masu ƙanjamau. Cikinsu har da Dakta Elly Katabira, wanda ya buɗe sashen duba masu cutar a Mulago. Da haɗuwa a gidajen juna suka fara, kafin ƙungiyar ActionAid ta agaza musu da kuɗi da horo. Ba su da maganin cutar, domin a lokacin babu wanda ke da shi. Abin da ke hannunsu shi ne sauraro da nasiha, da maganin cututtukan da ke shigowa in garkuwar jiki ta karye, irin su tarin fuka da ƙuraje da zawo, da ɗan abinci. Sun buɗe zaure inda masu cutar ke wuni tare, su ci daga kwano ɗaya, su koyi ɗinki. Darasin da suke nanatawa shi ne: sakamakon gwaji ba likkafani ba ne. Mutum ya ci abinci mai gina jiki, ya nemi magani da wuri, ya kare abokin zamansa, ya shirya wa 'ya'yansa abin da zai bar musu. A 1989 fitaccen mawaƙin nan Philly Lutaaya ya fito fili ya ce yana da cutar, ya zaga makarantu da wuraren ibada yana faɗakarwa har ya rasu a ƙarshen shekarar, abin da ya ƙara wa masu wannan aiki ƙarfin gwiwa.

Amma mafi yawan mutanen Uganda manoma ne, kuma a karkara cutar ta fi ɓarna. A Rakai da Masaka akwai gidajen da ba kowa sai kaka da tarin jikoki. Don haka tun 1988 TASO ta buɗe reshe a Masaka, daga baya Mbarara da Tororo da Mbale da Jinja suka biyo, har cibiyoyinta suka kai 11. Ta kuma gane cewa cibiya a babban gari ba ta wadatar da wanda ba ya iya tashi daga tabarma. Sai ta koma wajen shugabannin ƙauyuka, suka zaɓo mata mutanen da aka yarda da su, ta horar da su aikin sa kai. Zumunta a ƙafa take. Ɗan sa kai zai shiga ɗakin da maƙwabta suka ƙaurace wa, ya zauna a gefen majinyaci, ya nuna wa matar gida yadda za ta wanke gyambo, yadda za ta haɗa ruwan gishiri da sukari, ya sha ruwa da kofin gidan a gaban kowa. Wannan kurɓa ɗaya takan yi aikin da dogon wa'azi bai yi ba.

A 1996 aka samu haɗin magunguna uku masu danne ƙwayar cutar, amma kuɗinsu ya haura dala 10,000 a shekara ga mutum ɗaya. A 2001 kamfanin Cipla na Indiya ya yi tayin sayar da su dala 350. Asusun duniya na yaƙi da ƙanjamau da tarin fuka da zazzaɓin cizon sauro ya kafu a 2002, shirin PEPFAR na Amurka ya biyo a 2003, kuma a 2004 TASO ta fara rabon maganin kyauta.

A nan wata tambaya ta taso. Masana da dama sun ce maganin ba zai yi aiki a ƙauye ba, tunda ba likita, ba ɗakin gwaji, ga shi kuma sai an sha kullum ba fashi. Gaskiyar matsalar kuwa kuɗin mota ce. Magani kyauta ne, amma zuwa karɓarsa duk wata yana cinye wunin gona da kuɗin cefanen mako, ga dogon layi. A Tororo, tun daga 2003, TASO da hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka suka gwada kai magani gida-gida duk mako ta hannun ma'aikatan da ba likitoci ba. Sakamakon da aka wallafa a 2008 ya nuna mace-mace sun ragu da kashi 95 cikin ɗari. A Jinja kuma aka bi sawun majinyata sama da 1,400, wasu suna zuwa asibiti, wasu ana kai musu a babur duk wata. Ma'aikacin zai sauka a ƙofar gida, ya ƙirga ƙwayoyin da suka rage a kwalba, ya yi tambayoyin da ke cikin takardarsa, in ya ga alamar da ta fi ƙarfinsa ya kira likita a waya. Rahoton 2009 ya nuna lafiyar ɓangarorin biyu ɗaya ce, kuma na gida sun fi samun sauƙin aljihu.

Da masu karɓa suka yi yawa, bin gida-gida ya yi tsada. Tun wajen 2006 ƙungiyar ta fito da wuraren rabon magani a cikin al'umma. Masu shan maganin su suke zaɓar wurin, ko harabar coci, ko makaranta, ko inuwar bishiya. Duk wata biyu ko uku ake haɗuwa, a auna nauyi, a karɓi magani, a tambayi wanda bai zo ba. Waɗanda suka daɗe suna sha su ne ke kwantar wa sababbi hankali, kuma maganarsu ta fi shiga, don sun bi ta hanyar. A 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya irin wannan tsari cikin ƙa'idojinta, kuma ƙasashe da yawa sun ɗauka, har da Najeriya, inda ƙungiyar masu ɗauke da cutar ta NEPWHAN ke irin wannan fafutuka.

Raunin tafiyar shi ne kuɗinta daga waje yake zuwa. Da Amurka ta dakatar da tallafinta a Janairun 2025, ma'aikatan al'umma na cikin waɗanda abin ya fara shafa a ƙasashe da dama, ga shi Uganda na da mutum sama da miliyan 1.4 masu ɗauke da cutar. In aljihu ya yi ƙunci, hukumomi sukan ɗauka ƙwayar magani ce dole, man babur da ɗan alawus na mai sa kai kuwa ƙari ne. Tarihin TASO ya ƙaryata wannan lissafi. Shekara 17 ƙungiyar ta yi tana shiga gidajen mutane kafin ta sami maganin da za ta ba su, kuma amanar da ta tara a waɗannan shekaru ita ta sa talakan ƙauye ya yarda a gwada shi, ya kuma dage da shan magani. Gwamnatin da ke son kare ran mutanenta na karkara tilas ta sa albashin waɗannan ma'aikata cikin kasafin kuɗinta, kamar yadda take sa kuɗin maganin kansa.